Darasin Da Ke Bayan Takardar Naira Ashirin

Duk wanda ya ɗauki takardar naira ashirin ya dubi gabanta zai ga Janar Murtala Muhammed, wannan kowa ya san shi. Amma in ya juya bayanta, sai ya ga wata mace ta duƙufa tana ginin tukunya. Mutane nawa ne cikin masu miƙa wannan takarda kullum suka taɓa tambayar ko wace ce? Sunanta Ladi Kwali, kuma tun 2007 Babban Bankin Nijeriya ya sa hotonta a wurin. Ko da yake naira ashirin ta daina sayen abin kirki a kasuwa, labarin da ke bayanta bai rage daraja ba, shi ne kuwa muke so mu ɗan tattauna da masu karatu yau, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofis waɗanda suka sami takardar shaida suka ɗauka karatu ya ƙare.

An haifi Ladi wajen 1925 a Kwali, ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Garin yanzu yana cikin Babban Birnin Tarayya. Ba ta yi makarantar boko ba. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, bisa ga yadda matan ƙasar suka gada. A can ba a san injin juya yumɓu ba. Maginiya takan ajiye curin yumɓu, ta yi ta kewaya shi da ƙafa tana jan bangonsa da hannu, tana murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa, har tulu ko randa ta tashi. Sa'an nan ta zana jikinta da ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi da tsuntsu, a bar ta ta bushe, a tara itace da ciyawa a gasa a fili. Ladi ta ƙware a wannan aiki har sunanta ya wuce Kwali. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina, ya tara tukwanenta a gidansa domin ƙawarsu.

A gidan Sarki ne wani Bature mai suna Michael Cardew ya ga aikinta. Gwamnati ta ɗauke shi a 1950 domin ya inganta sana'ar tukwane a ƙasar nan, ya zaga wurare yana duba yumɓu da itace da ruwa, daga bisani ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, watau garin da yanzu ake kira Suleja. Maza aka fara ɗauka. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta fari.

To, a nan ne muke so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Matar nan tana da shekara kusan 30. Ta riga ta yi suna, Sarki ya san ta, kasuwa ta san ta. Ba yunwa ce ta kora ta ba. Amma ta yarda ta zauna a gaban injin da ba ta taɓa gani ba, cikin samarin da wasunsu ba su kai ta sanin yumɓu ba ko kusa, ta zama 'yar koyo. Wanda ya taɓa ganin mai koyon wannan inji ya san abin da muke nufi. Yumɓu yana juyawa, in hannu ya karkace kaɗan sai abin ya rushe ya fantsama, a tattara a sake. Hannun da ya shekara ashirin yana kewaya tukunya, yanzu an ce ya tsaya cik tukunya ta kewaya shi. Yaro ɗan shekara goma sha biyar in ya ɓata aiki sai a yi dariya a wuce, ba abin da ya yi hasara. Gwani kuwa in ya ɓata a gaban mutane, sunansa yake gani yana zubewa. Wannan tsoro shi ne ke hana yawancin manya ƙaruwa, ba ƙarancin basira ba, ba kuma rashin lokaci ba, ko da yake da su biyun ake fakewa.

Mu da muka daɗe a aikin horon malamai mun ga irin wannan har mun gaji da gani. A kira kwas na mako biyu lokacin hutu, sai ka ga sababbin malamai sun cika layin gaba, littafi a buɗe, hannu a sama. Tsofaffin hannu kuwa suna can baya, sun harɗe, ba su rubuta komai, ba su tambayar komai. In ka keɓe da ɗayansu sai ka tarar akwai abin da ya shige masa duhu tun shekaru, ko a lissafi ko a nahawun Turanci, ya kuwa san ya shige masa, amma yana jin nauyin a ce mai furfura ya yi tambaya a gaban yaron da ya koyar. Sai ya koma aji ya ci gaba da tsallake wannan babi kamar yadda ya saba, yara arba'in ko sittin su tashi da gurbin a kansu, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. A aikin koyarwa tsiyar ba a kan mai rawanin kaɗai take sauka ba.

Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017 ba, sa'ad da aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyi irin na 'yan aji huɗu, aka ce fiye da 21,000 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi gardama mai tsawo a kan yadda aka shirya jarrabawar da yadda aka sallami mutane, kuma akwai magana a ɓangarorin biyu. Abin da ya dame mu a nan dabam ne. Da yawa daga cikin mutanen nan sun taɓa sanin waɗannan abubuwa, da su suka ci jarrabawa suka sami takarda. Ilmi ne aka ajiye ba a taɓa shi, ya yi tsatsa kamar fartanyar da aka bari a bayan ɗaki.

Mu koma ga Ladi. Ta koyi juya yumɓu a inji, ta koyi shafa ruwan ƙyalli irin na tangaran, ta koyi gashi a tanderu mai zafin da ya haura 1,200 a ma'aunin Salshiyas. Ta yi kwanoni da butoci da farantai. Amma abin da ya fi burge mu shi ne ba ta yar da abin da ta zo da shi ba. Ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu kamar yadda aka koya mata a Kwali, da ƙadangarunta da kifayenta, sai dai yanzu da yumɓu mai jure wuta, a shafa ƙyalli a gasa a tanderu. Waɗannan tuluna su ne suka kai sunanta Ingila, inda aka nuna aikin makarantar Abuja a London a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960. Da a ce ta raina aikin iyayenta ta koma kwaikwayon kofunan Turawa kurum, da ta zama ɗaya daga cikin masu yin kofi, ba wanda zai tuna da ita. Da kuma ta ƙi shiga makarantar, da tulunanta sun fashe a gindin rijiya kamar na sauran gwanayen da ba mu san ko sunansu ba.

Wannan ya shafi wani kuskure da ke yawo tsakanin samarinmu masu neman ci gaba. Suna ɗauka gyara kai shi ne mutum ya tuɓe duk abin da ya taso da shi, harshensa da sana'ar gidansu da ladabin da aka koya masa, ya ari na wani ya yafa. Ɗan maƙeri ya je makarantar koyon aikin injiniya ya riƙa ɓoye cewa ya taɓa zuga zugazugi, alhali kuwa ya riga abokansa sanin halin ƙarfe in ya sha wuta. Almajirin da ya haddace Alƙur'ani ya shiga ajin boko yana jin kansa baya, bai san cewa horon hadda da juriyar zama da ya samu jari ne da 'yan ajin ba su da shi ba.

Gaskiya dai ita ce ba a samun sabon abu ba tare da an rasa wani ba, bai kuwa kamata mu ɓoye wannan ba. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa domin jikinta yana tsatsafowa, iska ta busa ta ɗauke zafin. Tulun da aka shafa wa ƙyalli aka gasa ya zama kamar dutse ba ya tsatsafo, ga shi da nauyi, saboda haka ya tashi daga kayan ɗaukar ruwa ya koma kayan ado na masu kuɗi da gidajen tarihi. Matar ƙauye ba ta iya sayensa, ba ta ma bukatarsa. Akwai masana da ke ganin nan makarantar Cardew ta kauce wa abin da aka kafa ta dominsa, kuma maganarsu abin dubawa ce. Duk mai neman ƙaruwa ya kamata ya riƙa tambayar kansa abin da zai bari a hanya, ya tabbata ya yarda da cinikin.

Shi ma Cardew, in an duba, irin wannan hanya ya biyo. Ya gama Jami'ar Oxford, maimakon ya nemi kujera a ofis sai ya tafi ya zama yaron wani maginin tukwane, Bernard Leach, a 1923. Kafin ya zo Nijeriya ya sha wahala a ƙasar Gold Coast, watau Ghana ta yanzu, inda aikin da ya sa hannu bai yi albarka yadda aka so ba. Da ya ga tukwanen matan Gbagyi bai ce aikin ƙauye ne ba, ya yaba, ya zauna yana kallo yana ƙaruwa. Watakila shi ya sa suka jitu, mai digiri da wadda ba ta taɓa zama a aji ba.

Sauran labarin gajere ne. An ba ta lambar girma ta MBE a 1963. Ta zaga Amurka a 1972 tana gina tulu a gaban ɗalibai da malamansu. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta 1984, an kuma sa wa makarantar Suleja sunanta. Wasu mata sun bi sahunta sun shiga makarantar bayan ta buɗe musu ƙofa.

Mai karatu zai ce, to ita ta yi sa'a Sarki ya san ta, Bature ya gan ta, ni wa zai gan ni? Lalle akwai sa'a a ciki, ba mu musa ba. Amma sa'ar ta tarar da aiki ne a ƙasa, da ba tulu a gidan Sarki da ba abin da Cardew zai gani. Ban da haka ma, ƙofofin da ke buɗe yau sun fi na 1954 yawa nesa ba kusa ba. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, an yi ta ne musamman domin malami ya ƙara karatu yana bakin aikinsa, ba sai ya bar iyalinsa ba. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da cibiyoyin karatu a jihohi. Wayar da ke aljihun malami, wadda yake kashe sa'o'i a kanta yana kallon abin da bai shafe shi ba, tana ɗauke da darussan lissafi da Turanci da kimiyya kyauta, sai kuɗin data. Wanda ke jin kunyar tambaya a gaban mutane, waya ba ta yi wa kowa dariya.

Muna kuma da magana ga shugabannin makarantu da masu duba malamai. Mutum ba ya fito da raunin da ke gare shi in ya san da shi za a kama shi. In hedimasta yana so malamansa su ƙaru, sai ya keɓe sa'a guda a mako, bayan an tashi yara, a zauna a ɗauki babi ɗaya mai wuya a warware shi tare, wanda ya iya ya hau allo ko da shi ne ƙarami a cikinsu. Kada a rubuta sunan kowa, kada a kai rahoto ofis. Hedimasta ya zauna a benci tare da su, ya fara kawo babin da shi kansa yake so a sake yi masa bayani, tun a zama na fari.