Marfin taga ma maganin zafi ne

Jama'ar Shetimari, Gagamari, Difa da duk ƙauyukan bakin Komadugu.

Kowace bazara kukanmu ɗaya ne: zafi ya haura digiri 40, wutar NIGELEC ta ɗauke, fanka ta tsaya, tsofaffi da jarirai su kasa barci. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa ƙasarmu wuta. Wanda duk sanyin ɗakinsa ya rataya ga waya, ranar da aka ɗauke sai haƙuri. Shi ya sa muke cewa a koma a dubi taga.

Iyayenmu da suka yi ginin ƙasa ƴar ƙaramar taga suke bari, bango mai kauri ya tare rana. Mu kuwa mun koma bulon siminti da rufin kwano, sannan mai walda ya haɗo mana marfin taga na ƙarfe falle ɗaya. Ku taɓa shi da azahar ku ji, wallahi kamar tanda. Ƙarfe yana kwasar zafin rana ya juye shi cikin ɗaki, labulen da ke ciki kuma bai hana komai, tunda zafin ya riga ya shigo.

To, gyaran ba ya cin kuɗi da yawa. A tare ranar tun daga waje: asabari, zana ko tabarmar kaba a rataye gaban taga, a bar ɗan fili tsakani don iska ta wuce. Mai hali ya sa marfin katako, ko ya lulluɓe na ƙarfen da katako ta ciki, ya shafa farin fenti ta waje. A rufe da hantsi, a buɗe bayan magariba. In sabon gini ne, tagogi su kalli kudu da arewa, don na gabas da yamma su ne rana ke duka kai tsaye. Da hunturu ma marfin nan ne zai tare sanyi da ƙura.

Wani zai ce ga sauro, ga halin tsaron da muke ciki, wa zai kwana taga buɗe? Gaskiya ne. Sai a sa sandunan ƙarfe da ragar sauro a jikin tagar, marfin kaɗai ake buɗewa.

Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta rusa gidaje da dama, har yanzu kuma ana gini. Magina, masu walda, kafintoci da ƙungiyoyin da ke gina wa ƴan gudun hijira matsuguni, don Allah ku sa wannan cikin lissafi tun daga tushe. Maigida kuma, in kuɗin tattasai sun shigo, kafin a je sayen sabuwar fanka a fara da taga.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.