Mazajen da Ke Biyan Kuɗi Don Su Yi Shiru

A wannan wata filin namu zai yi nisan kiwo, don kuwa za mu leƙa arewacin Amurka ne, mu ga wata al'ada da ta samu gindin zama a tsakanin wasu mazajen ƙasar, wadda in mutum ya ji ta karon farko sai ya yi dariya, in ya sake tunani kuma dariyar ta ragu. Al'adar kuwa ita ce, magidanta masu aikin yi, likitoci da malamai da ma'aikatan banki, sai su biya kuɗi masu kauri, su bar gidajensu da motocinsu, su shiga kwale-kwale su nausa cikin ƙungurmin daji har mako guda ko fiye, suna tuƙi da rana, safe da yamma kuma suna zaman shiru irin wanda mabiya addinin Buda suke yi. Sun ce wai suna neman gyaran hali ne da kwanciyar rai.

Ɗaya daga cikin wuraren da suka yi suna wajen tafiyar kwale-kwale shi ne dajin da ake kira Boundary Waters, a jihar Minnesota, kan iyakar Amurka da Kanada. Faɗinsa ya wuce eka miliyan 1, tafkunan da ke cikinsa kuwa sun haura 1,000. Dokar da aka kafa a 1964, aka ƙara mata ƙarfi a 1978, ta hana gina gida ko yanka hanyar mota a ciki, kuma a mafi yawan tafkunan ba a yarda da jirgi mai inji ba. Ayari ɗaya ba ya wuce mutum 9 da jirgi 4, kuma ba a shiga da abincin gwangwani ko na kwalba. Da hunturu tafkunan daskarewa suke yi, saboda haka sai da bazararsu ake tafiyar, lokacin da sauro ma yake cin kasuwarsa.

Jirginsu ya sha bamban da kwale-kwalen katakon da muka saba gani a Binuwai wajen Garwa. Nasu marar nauyi ne, kilo 20 zuwa 35, kuma samfurinsa an ɗauko shi ne daga 'yan asalin yankin, mutanen Ojibwe, waɗanda suke ƙera nasu da ɓawon itace tun kafin zuwan Turawa. Dalilin rashin nauyin shi ne, idan tafki ya ƙare sai a fito a sauke kaya, mutum ɗaya ya kifa jirgin a kafaɗunsa, sauran su goya jakunkuna, a bi 'yar siririyar hanya cikin duwatsu da taɓo har a kai tafki na gaba. A rana ɗaya ana iya yin haka sau da yawa. A nan ne babban darekta da ƙaramin akawu suke zama ɗaya, domin jaka ba ta san muƙami ba. Haka ma cikin jirgin: na gaba yana ba da ƙarfi, na baya yana riƙe da hanya, in suka saɓa sai jirgin ya yi ta kewaya a wuri ɗaya.

To ina zancen Buda ya shigo? Da asuba, kafin a hura wuta, sai kowa ya nemi dutse a bakin ruwa ya zauna, ya miƙe baya, ya sa hankalinsa ga numfashinsa kawai, shigarsa da fitarsa. Ba a minti ɗaya zuciya za ta gudu, ta tafi wajen bashi ko wajen wata baƙar magana da aka faɗa masa bara. Abin da ake koya masa shi ne ya lura ta gudu, ya dawo da ita ba tare da ya tsine wa kansa ba, ko da sau ɗari ne. Wasu ayarin sukan wuni suna tuƙi babu mai cewa uffan, ana so mutum ya ji ƙarar filafili cikin ruwa da gajiyar kafaɗarsa, ya bar lissafin gobe. Da dare kuma sai a kewaye wuta, a ɗauko sanda ko ɗan dutse. Wanda abin yake hannunsa shi kaɗai ke magana, ba a katse shi, ba a ba shi shawara sai ya nema, kuma abin da aka faɗa a wurin a wurin yake kwana. A irin wannan zama ne ƙato mai furfura yakan buɗe baki ya ce aurensa na tangal-tangal, ko ya ce shekara goma ke nan bai yi magana da ɗansa ba.

Wannan abu igiya uku aka tufka aka yi shi. Ta farko ita ce zuzzurfan tunanin Buda, wato Siddhartha Gautama, wanda aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kusan shekara 2,500 da suka wuce. Wasu samarin Amurka sun je Indiya da Tailan sun yi karatu wurin malaman addinin, uku daga cikinsu, Joseph Goldstein da Sharon Salzberg da Jack Kornfield, suka dawo suka kafa cibiyar koyar da zaman shiru a garin Barre na jihar Massachusetts a 1975. Shi Kornfield almajirin Ajahn Chah ne, wani malami ɗan Tailan da ya zauna da almajiransa a daji, don haka haɗa wannan zama da daji tsohon abu ne a wurinsu. A 1979 kuma Jon Kabat-Zinn ya shigar da dabarar asibiti a jami'ar Massachusetts, ya tsara ta mako 8 don masu fama da damuwa da ciwo mai naci, ya ajiye zancen addini a gefe.

Igiya ta biyu ita ce yunƙurin mazaje da ya bunƙasa bayan mawaƙin nan Robert Bly, shi ma ɗan Minnesota, ya fitar da littafinsa Iron John a 1990. Hujjarsa ita ce, tun da masana'antu da ofisoshi suka raba uba da ɗansa, yaro ya daina koyon zama namiji a gefen manya, sai ya girma da gemu amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa hanya.

Igiya ta uku kuwa ta taɓa ƙasarmu. A 1941 wani malamin makaranta Bajamushe, Kurt Hahn, ya kafa makarantar Outward Bound a Birtaniya, inda ake horar da samari da wahalar teku da dutse, reshenta kuma ya buɗe a Minnesota a 1964. A nan Kamaru, a 1951, Alec Dickson ya fara irin wannan horo a Man O' War Bay kusa da Victoria, wadda ake kira Limbe yanzu. Samari daga sassan Nijeriya da Kamaru, har da 'yan Arewa, sun koyi iyo da tuƙi a can, sun hau Dutsen Kamaru mai tsawon fiye da mita 4,000. Daga baya cibiyar ta koma Nijeriya, kuma duk wanda ya san 'yan Man O' War ya san jikokinta.

Me ya kori waɗannan mutane daga gidaje masu lantarki da ruwan famfo? Kaɗaici. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2021 ya nuna kashi 15 cikin 100 na maza ba su da amini ko ɗaya, alhali a 1990 kashi 3 ne kawai. A 2023 babban likitan gwamnatin ƙasar na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da sanarwa yana kiran kaɗaici annoba. Kuma a ƙasar, mazan da ke kashe kansu sun ninka mata kusan sau huɗu. Wato mutum ga albashi ga mota, amma in dare ya yi masa tsawo babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Abin bai rasa masu suka ba. Na farko, sai mai hali ne ke iya biya, kuma sai mai hutun aiki. Na biyu, mako guda a daji ba ya warkar da abin da aka shekara ashirin ana tarawa, in mutum ya dawo bai canja zamansa da iyalinsa ba, to yawon buɗe ido ya je. Na uku, wasu mabiya Buda da kansu suna ƙorafi, sun ce a koyarwarsu zaman shiru tafe yake da sharuɗɗa biyar, wato barin kisa da sata da zina da ƙarya da kayan maye, amma 'yan kasuwa sun ɗebi zaman sun bar sharuɗɗan. Mu kuma Musulmi ba sai an faɗa mana ba, aƙidar Buda daban, tamu daban, kuma ba mu kawo wannan labari don wani ya je neman ta ba.

Dalilin kawo shi shi ne, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Za mu iya bugun ƙirji mu ce abin da suke saye da dala mu kyauta muke samunsa. Muna haɗuwa sau biyar a masallaci, muna da majalisa a ƙofar gida, muna da suna da biki da zaman makoki. Kaɗaita don tunani ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana kaɗaita a kogon Hira, muna da i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, malamanmu sun san halwa. Duk wannan gaskiya ne. Amma mu tambayi kanmu, a majalisar tamu me ake faɗa? Siyasa, ƙwallo, farashin shanu da goro, sai gulmar wanda bai zo ba. Yaushe rabon da wani ya ce, 'yan'uwa, bashi ya hana ni barci, aka saurare shi har ya gama, kuma maganar ba ta riga shi isa gida ba?

Mun riƙe karin maganar nan da ke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, har mun wuce da ita inda aka nufa. An yi ta ne don rufin asiri, mu kuwa mun mayar da ita takunkumi. Ɗan kasuwa jarinsa ya karye, sai ya ci gaba da sa babbar riga yana fita da safe don kada a gane. Mahaifi ya ga ɗansa ya fara shan ƙwaya, kunya ta hana shi gaya wa ko da amininsa. Sai wata rana a ji an ce hawan jini ya kayar da wane, a taru ana ta mamaki, ana cewa jiya-jiya muna tare lafiyarsa ƙalau. Ga mu kuma 'yan tsiraru a Yawunde da Duwala da Bamenda, dangin da za a kai wa kuka suna nesa, haya da kuɗin makaranta suna kusa. Majalisar ma yanzu kowa ya sunkuya ne a kan wayarsa. Mu da muke tsaye gaban allo muna ganin sakamakon a fuskar yara, don yaron da uban ya daina magana a gida ba ya ɓoyuwa a aji.

Idan muka cire kwale-kwalen da aƙidar, abin da ya rage a tafiyar Amurkawan nan abu huɗu ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu: ƙaramin ayari, aikin ƙarfi da ake yi tare, lokacin shiru, da doka mai tsare sirri. Mutum shida ko takwas da suka yarda da juna za su iya ware rana ɗaya a wata, su bar waya a gida, su fita bayan gari da ƙafa, ko su tafi share maƙabarta, ko su taya wani ɗan'uwa aikin gona irin na gayya da kakanninmu suka sani. Bayan sallar la'asar a zauna, kowa ya yi zikirinsa da tunaninsa na ɗan lokaci ba hira. Sannan a ba kowa dama ya faɗi abin da ke damunsa, ba mai katse shi, ba mai mayar da abin wa'azi. Dattijon da ke cikinsu shi ya kamata ya fara, domin in babba ya nuna shi ma yana da inda ke masa yoyo, bakin yaro zai buɗe. A riƙa tafiya da samari biyu ko uku, su ɗauki kaya, su ga yadda manya ke shawara. Wanda kuma aka ga damuwarsa ta wuce ta hira, ya daina ci ya daina barci, ko yana zancen gajiya da rayuwa, to a raka shi asibiti ba tare da jinkiri ba, haka ma a riƙa tuna wa juna awon jini.

Muna kira ga limamanmu da sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin matasa su duba wannan magana, ko unguwa ɗaya ce ta fara. Wanda ya gwada, ko yake da ja a kan abin da muka faɗa, ya rubuto mana, za mu buga in fili ya samu. Allah ya ba mu aminai masu riƙon amana, ya yaye wa kowa abin da ya dame shi. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.