“Umma, wane ne wannan mai kan giwa?”

 

Idan akwai talabijin ko waya a gidanki, da wuya yaranki ba su taɓa ganin wani mutum-mutumi mai kan giwa da ƙaton ciki ba, ko wani yaro mai launin shuɗi yana busa sarewa, ko biri mai ɗauke da dutse yana tashi sama. Suna cikin fassarar Indiya-Hausa, suna cikin shirye-shiryen Zee World, suna kuma cikin katun na yara irin su Little Krishna da Bal Ganesh a YouTube. Wata rana ɗanki zai tambaye ki su waye. Amsar da za ki ba shi tana da nauyi, domin abin ya taɓa aƙida.

Fim ɗin Indiya ba baƙo ba ne a cikin birni. Tun 1951 aka buɗe sinimar Palace a Jakara, gab da Kasuwar Kurmi, malamai na ta nuna rashin yarda. Daga baya finafinan Indiya suka mamaye gidajen kallon Kano, har masu bandiri suka ari karin waƙoƙinsu suka zuba yabon Manzon Allah (SAW) a kai. Wato iyayenmu sun iya tankaɗe, su ɗauki gari su zubar da tsaki. Bambancin shi ne, a da babba ne ke fita ya je kallo. Yanzu kallon ne ya shigo har ɗaki, yana hannun ɗan shekara biyar, ke kuwa kina can kina fama da tukunya.

Ba za ki iya tace abin da ba ki sani ba. Don haka bari in gutsura miki abin da mabiya addinin Hindu suke faɗa game da waɗannan siffofi.

Mai kan giwar sunansa Ganesha. A labarinsu, mahaifiyarsa Parvati ta sa shi gadin ƙofa tana wanka, mijinta Shiva ya dawo, yaron ya hana shi shiga, Shiva ya fusata ya sare masa kai, daga baya aka maye masa da kan giwa. Suna ɗaukarsa mai kawar da cikas, shi ya sa za ki ga a fim ana kiran sunansa kafin buɗe shago ko ɗaurin aure. Malamansu suna fassara kowace gaɓa tasa: manyan kunnuwa na nufin yawan sauraro, ƙaramin baki na nufin taƙaita magana, ɓeran da yake hawa kuma son zuciya ne da ke ɓarna a ɓoye, wanda dole a hau kansa a juya shi.

Shi kuwa Shiva, za ki gan shi da maciji a wuya da mashi mai baki uku. Suna cewa an taɓa burga teku kamar yadda ake burga nono, aka yi maburgi da dutse, aka yi igiya da ƙaton maciji, don a fitar da ruwan dawwama. Kafin ruwan ya fito sai guba ta fara fitowa, Shiva ya shanye ta, ta tsaya masa a maƙogwaro har ya koma shuɗi. Ma’anar a wurinsu ita ce babba shi ke haɗiye ɗaci don na ƙasa su tsira. Idan kin kalli Baahubali na 2015, dutsen nan da jarumin ya ciccibo a kafaɗa ya kai ƙarƙashin ruwa alamar Shiva ce.

Yaron nan mai sarewa da satar man shanu shi ne Krishna. Birin kuma Hanuman ne, bawan Rama, wanda suke buga misali da shi wajen biyayya. Rama ɗan sarki ne da ya yarda ya yi shekara 14 a daji don kada alkawarin mahaifinsa ya tashi. Wani sarki mai kai goma, Ravana, ya sace matarsa Sita, aka yi yaƙi aka karɓo ta. Wasu malamansu na cewa kawunan goma munanan halaye ne irin su girman kai, fushi, haɗama da hassada. Fitilun nan da kike gani an jera a bikin Diwali, a arewacin Indiya murnar dawowar Rama gida suke nufi.

Akwai kuma tsofaffin nan masu dogon gemu da ke zaune a daji, waɗanda suke kira rishi, wato masu hikima da gudun duniya. Valmiki, wanda suke danganta wa littafin Ramayana, an ce ɗan fashi ne. Aka ce ya je ya tambayi iyalinsa ko za su raba zunubin da shi tunda suna cin abin da yake kawowa, suka ce a’a. Ya tuba, ya zauna wuri ɗaya har gara ta gina suri a kansa, daga nan sunansa ya samo asali. Vyasa kuwa, mai Mahabharata, an ce shi ke shifta Ganesha na rubutawa. Ganesha ya kafa sharaɗin kada a tsaya, Vyasa ya kafa nasa: kada ya rubuta abin da bai fahimta ba. Akwai kuma labarin Shravana, saurayin da ya ɗauki iyayensa makafi a cikin kwanduna biyu a kafaɗa ya kai su ziyarar ibada.

To uwargida, me za ki yi da wannan?

Da farko, ki raba labari da ibada. Kin ga biyayya ga iyaye, cika alkawari, tuba da danne fushi duk addininmu ya riga ya koyar da su, ba sai mun aro ba. Amma kunna fitila a zagaya ta a gaban gunki, haɗa hannu a rusuna masa, da kiran sunansa lokacin tsoro, waɗannan bauta ce. Idan kin ji ɗiyarki ta ce “He Bhagwan” don ta firgita, ko kin ga ta yi jan ɗigo a goshi tana zagaya faranti, kada ki kai mata duka. Kwaikwayo take, ba ta san ma’anarsa ba. Ki zaunar da ita ki ce: “Wannan abin bautar wasu mutane ne a Indiya. Mu Allah ɗaya muke bauta wa, bai haifa ba, ba a haife shi ba, babu mai kama da shi.” Ki sa ta karanta Ƙulhuwallahu, ki fassara mata. Ki koya mata abin da Musulmi ke faɗa idan ya firgita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, kada ki koya musu zagi. Aya ta 108 a Suratul An’am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Akwai Indiyawa a Kano, a masana’antu da kantuna da asibitoci, kuma ’ya’yanmu da yawa suna tafiya can karatu ko neman magani. Ki kuma gaya musu ba kowane Ba’indiye ne Hindu ba: ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun kai kusan miliyan 172, kimanin kashi 14 cikin ɗari na mutanen ƙasar.

Na uku, kada ki ji tsoron sanin. Wajen shekara ta 1030, malamin Musulunci Abu Raihan al-Biruni ya koyi harshen Sanskrit, ya rubuta littafi guda kan aƙidun mutanen Indiya, ya bayyana su yadda masu su suke faɗa, bai kuwa bar addininsa ba. Yaron da uwarsa ta yi wa bayani ya fi tsira a kan wanda aka ce wa “yi mini shiru,” domin shi wannan wurin waya zai koma ya nemi amsa.

Na huɗu, ki duba yawan kallon kansa. A matsayina na ma’aikaciyar jinya, ina tuna miki shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019: jariri ɗan ƙasa da shekara biyu ba a so a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ki kashe maɓallin nan na YouTube da ke jawo bidiyo na gaba da kansa, domin ta nan katun ke kai yaro ga waƙoƙin bauta ba ki sani ba. Ki riƙa zama da su ko da sau ɗaya a mako ki ga abin da suke kallo. Da dare kuma ki ba su ƙissar Annabi Ibrahim (AS) da gumakan mutanensa, ko ta Annabi Yusuf (AS), ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Yaron da ya ƙoshi da labaran gida ba ya ruɗewa da na waje.

Allah ya shirya mana zuri’a, ya ba mu ikon sauke amanarsu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.