Ajiye Attajirinka A Bakin Ƙofa

Wata bakwai muka shafe muna gina wata tashar mota wadda ba ta cikin taswirar kowace ƙasa. Mu tara ne, kowa da tauraronsa guda: mai shayi, ɗan kamasho, direban da bashin mai mota ya yi wa katutu, bazawara mai sayar da tuwo, yaron mota, da sauransu. Ƙa'idar wasan ba ta da wuya. Kowa zai rubuta abin da nasa tauraron ya faɗa ko ya aikata, sai ya dakata, ya jira wani ya amsa da nasa. Babu wanda ya san inda labarin zai ƙare, daɗin abin ke nan. A cikinmu akwai malaman makaranta da ɗalibai, mu kuma da ke wannan rubutu sana'armu rubuta manhaja. Da rana kowa na wurin neman abinci, da dare mu haɗu a tasha ta cikin wayoyinmu.

Sai muka karɓi baƙo. Matashi ne mai basira, Hausarsa tsaf, ya san inda ake ɗiga aya. Rubutunsa na farko ya shigo da wani attajiri ɗan shekara 27, dogo, miskili, cikin jerin gwanon motoci. Kafin sakin layi na uku ya saye tashar. Ya biya wa direba bashinsa. Ya kwaɗa wa ɗan kamasho mari, ya rubuta cewa ɗan kamasho ya zube a sume. Ya kalli mai tuwo, ya rubuta cewa gabanta ya faɗi, nan take ta kamu da sonsa. Abin da muka yi wata bakwai muna ƙullawa ya warware shi a zama ɗaya. Ba a yi faɗa ba, ba a kori kowa ba. Mai riƙe da direba ya rasa abin rubutawa, domin damuwar da ke tafiyar da tauraronsa an share ta. Mai riƙe da mai tuwo ba ta sake cewa uffan ba. Cikin mako uku tashar ta zama kufai.

Tun daga nan muka tsaya a kan magana ɗaya, ita kuma muka zo faɗa wa duk mai shirin shiga rubutun haɗaka, musamman irin wanda kowa ke ɗaukar tauraro ya yi magana da bakinsa: wanda ya shigo don ya ci nasara, shi ke kashe labari. Rashin iya rubutu ba ya rusa haɗaka. Mun yi wasa da waɗanda ba su bambance "ƙ" da "k" ba, kuma labari ya tafi lafiya lau. Abin da ke rusa ta shi ne mutum ya zo da tauraron da ba ya jin yunwa, ba ya cin bashi, ba ya jin kunya, kuma ba a taɓa kayar da shi.

Kada mu ɗora wa yaron laifin duka. A ina ya koyi wannan? A littattafan da mu marubuta muke turawa ta waya kullum. Ku dube su da idon gaskiya. Mun cika su da samarin da suka mallaki kamfanoni kafin gemu ya fito musu, da sojojin da ba sa murmushi, da 'yan matan da duk namijin da ya gan su sai numfashinsa ya ɗauke. A littafin mutum ɗaya cutar tana iya ɓuya, domin marubuci shi ne wuƙa shi ne nama, in ya ce sauran taurari su durƙusa sai su durƙusa. A haɗaka kuwa, bayan kowane tauraro akwai mutum mai rai, wanda ya sayi data da kuɗinsa, ya hana idonsa barci. Babu wanda zai yi wannan wahalar don ya zama ɗan rakiyar jarumin wani.

Sata iri biyu sabon shiga yake yi bai san sata yake ba. Ta farko satar hannu ce. Kana da ikon rubuta cewa tauraronka ya ɗaga hannu ya kai mari. Ko marin ya sauka, ko an kauce, ko an cafke hannun, wannan hurumin mai ɗan kamasho ne. Ta biyu ta fi muni, ita ce satar zuciya, wato ka rubuta wa tauraron wani abin da yake ji a ransa. 'Yar'uwarmu ta yi wata bakwai tana gina macen da aure ya gasa, wadda ta daina yarda da daɗin bakin maza. Jimla ɗaya ta mayar da ita 'yar tsana. A iya abin da muka gani, taurarin mata aka fi yi wa wannan, kuma mata ne ke fara ficewa shiru ba sallama. Duk wanda ke mamakin yadda haɗakarsu ta koma ta maza zalla, ya koma baya ya karanta abin da suka zuba ido aka yi wa taurarin matan.

Mun san abin da za a ce mana: ai ƙirƙira 'yanci ce, doka tana daƙile basira. To, a shekarar 1931 wasu manyan marubutan labaran binciken kisa na Ingila, cikinsu har da Agatha Christie da Dorothy L. Sayers da G. K. Chesterton, sun haɗu sun rubuta littafi guda mai suna The Floating Admiral, kowa da kasonsa. Sharuɗɗa biyu suka gindaya wa kansu. Kada mutum ya ƙulla abu sai yana da hanyar warware shi a ransa, sannan dole kowa ya ɗauki duk matsalolin da na gabansa suka bari, ba ya tsallake su ba. Idan Agatha Christie ta yarda ta ɗaure alƙalaminta da abin da wani ya rubuta kafin ita, kai da ka shigo jiya wace irin basira ce gare ka da doka za ta daƙile?

Haka abin yake a wasannin ɗaukar tauraro na zamani. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi zagaye da tebur, kowa da tauraronsa, mutum ɗaya yana jan ragamar duniyar labarin. A wasan ana jefa ƙwayoyi irin na lido, har da mai fuska 20. Aikin ƙwayar shi ne ta hana mai tauraro yanke wa kansa hukunci. Ka ce za ka tsallake rijiya, ƙwaya ce za ta ce ka tsallake ko ka afka. A haɗakar da muke yi a rubuce galibi babu ƙwaya, saboda haka nauyin ya dawo kanka. Kai ne za ka riƙa jefa tauraronka rijiya da hannunka, lokaci bayan lokaci, domin sauran su sami wanda za su ciro.

Ba ma sai mun je Turai ba. Daga goma ga watan azumi yara ke fita tashe. Yaron da ya manna gemun auduga ya duƙa kan sanda a wasan Tsoho da Gemu, da kansa ya zaɓi ya zama abin dariya, kuma shi ne wasan. In ya miƙe ya ce shi saurayi ne mai ƙarfi, 'yan amshi sun rasa abin amsawa. Gizo da duk wayonsa, sau nawa dabara ta juye masa ya sha kunya? A Ruwan Bagaja, yau Alhaji Imam ya yi wa Malam Zurƙe, gobe Zurƙe ya rama. Da Abubakar Imam ya hana Zurƙe ramawa, da mai karatu ya ajiye littafin a rabi. Haɗa hannu a rubutu ma ba baƙon abu ba ne a adabinmu: Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafai biyar na farko da suka fito bayan gasar 1933, mutum biyu ne suka rubuta shi, John Tafida Wusasa da Rupert East.

A sana'armu ta manhaja mun daɗe da shan wannan darasin. Linux, da Linus Torvalds ya fara a 1991, dubban mutane ne ke rubuta shi, yawancinsu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. A 2005 ya ƙirƙiri Git don tattara aikin. In mutum biyu suka taɓa layi ɗaya kowa ta tasa fuskar, Git ba ya zaɓar gwani, tsayawa yake cak har sai mutum ya zo ya sasanta. Sabon shiga kuma ba ya farawa da rushe ginshiƙi. Yakan karanta abin da aka gina, ya karanta ƙa'idar ba da gudummawa, ya gyara ƙaramin kuskure, a duba aikinsa kafin a haɗa. Babu mai hankalin da ke ganin wannan wulaƙanci ne. Bambancin kawai, a labari babu na'urar da za ta tsayar da kai in ka taka layin wani. Sai ladabi.

Amma laifi tudu ne, bari mu sauko daga kan namu. Ranar da yaron nan ya shigo, ba mu ba shi komai ba sai "Bismillah, ga wuri." Ƙa'idojinmu a ka suke, ba mu taɓa rubuta su ba, domin mun saba da juna. Baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Akwai kuma gidajen haɗakar da laifinsu ya fi namu: tsofaffin hannu sun kame manyan taurari, suna amsa wa junansu kawai, baƙo ya rubuta sallama a yi kwana huɗu ba wanda ya amsa. Daga baya muka gane cewa tsoro ne ke sa sabon shiga ya zo da attajiri. Yana gudun in ya shigo a mai wankin takalmi ba wanda zai kula shi, sai ya shigo da jiniya don dole a waiwayo. Saboda haka duk gidan da ke karɓar baƙi, bashi huɗu ne a kansa: taƙaitaccen bayanin inda labari ya kwana, ƙa'idoji a rubuce, mutum ɗaya da zai amsa rubutun baƙo na farko kafin kwana biyu, da gyara a keɓe ba a bainar jama'a ba. Gidan da bai biya wannan ba, ba shi da bakin kuka in an rusa masa labari.

Kai kuma mai shirin shiga, ga abin da muke roƙonka. Ka fara da karatu, ko da zai ɗauke ka mako guda, har ka san wa ke bin wa bashi, wa ke gaba da wa. Ka shigo da ƙaramin mutum mai buƙata, kuma buƙatar ta kasance a hannun tauraron wani. Mai neman aron kuɗin mota dole ya yi magana da mutane, wanda ya mallaki komai kuwa ba shi da dalilin buɗe baki. Ka ba shi aibi na gaske, irin su rowa ko tsoro ko tsegumi. Miskilanci da yawan kyau ba aibi ba ne, yabon kai ne aka yafa wa mayafi. Ka rufe kowane rubutu da ƙofa a buɗe, tambaya ko miƙa hannu ko ƙwanƙwasa ƙyaure, yadda na gaba zai sami abin kamawa. Kada ka kashe tauraron wani, ko ka aurar da shi, ko ka keta masa haddi, sai kun yi shawara da mai shi a wajen labari. In jarrabawa ko aiki za su ɗauke ka, ka faɗa, ka tura tauraronka ƙauye duba mara lafiya, kada ka bar mutum takwas tsaye suna jiran amsarka. Sannan ka raba kanka da shi. In mai shayi ya zagi tauraronka, ba kai aka zaga ba, kyauta aka ba ka ta abin rubutawa gobe.

Wani zai ce duk wannan a kan wasa? E, a kan wasa. Matasa da yawa a nan suke fara koyon sa magana a bakin wanda ba su ba, da jin yadda mace ke amsawa in mace ce ta rubuta ta, da haƙurin barin ƙulli ya nuna kafin a warware. Marubucin da ya sha wannan horon, ko ya koma rubuta littafinsa shi kaɗai, taurarinsa ba sa zama bayi. In muka bar jarumin da ba ya faɗuwa ya cinye haɗaka kamar yadda ya cinye littattafanmu na waya, mun rufe makarantar da babu kuɗin rajista a cikinta.

Bayan wata biyu mun sake buɗe tashar. Wannan karon mun rubuta ƙa'idoji a shafi guda. Matashin ya dawo, ya ba da haƙuri, mu ma muka ba shi. Yanzu mai faci yake riƙe da shi, wanda mai shayi ke bi bashin kofi goma sha ɗaya, kullum da sabuwar ƙaryar da zai yi don kada ya biya, kuma rubutunsa muka fi ɗokin gani. Wadda ke riƙe da mai tuwo kuwa ba ta dawo ba. Mun aika mata har sau uku, ta amsa da godiya, ta ce ayyuka sun yi mata yawa. Rumfarta na nan a bakin ƙofar tasha, babu wanda ya yarda ya ɗauke ta. Duk daren da direba ya sauke fasinja, sai ya rubuta cewa ya leƙa ya tarar da murhu a sanyaye.