Rumfar akori-kura: tazarar da ke tsakaninta da rufin mota

 Yau maganar mota za mu yi, amma uwargida kar ki wuce shafin, don ke da yara ne ke zama a ƙarƙashin abin idan an tashi zuwa gida da Sallah.

Da yawanmu mun sa mai walda ya ƙera mana rumfar ƙarfe a bayan akori-kura, wadda hancinta ke zarcewa ta saman kan direba. Nan ake jefa katifa da tabarma, wani ma nan yaron mota ke kwana. Matsalar tana zuwa ne ranar da mutum ya sauya mota. Rumfar da aka auna wa tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ko tsohuwar Hilux, sai a ɗauke ta a ɗora wa sabuwa, alhali kan sabuwar ya fi tudu. Sai ka ga hancin rumfa ya kusa kwantawa a kan rufi. Mai walda ya zura takarda ta wuce, ya ce ai bai taɓa ba, Alhaji. To a tsaye ne bai taɓa ba.

Kan mota da bodin baya ba jiki ɗaya ba ne. Kowanne da nasa mazaunin a kan shasi, shi kuwa shasin yana murɗewa idan taya ɗaya ta faɗa rami ɗaya ta hau tudu. Bodi ya karkata dama, kai ya karkata hagu, hancin rumfa ya sauko ya daki rufi. A gargada kuwa sai ka ji kamar ana sakwara a saman kanka. Fenti ya tashi, rufi ya lotsa, damina ta zo tsatsa ta kama. Kuma ƙara sifirin ba ya maganin wannan, duk da wasu makanikai na faɗa, domin sifirin yana ɗaga kai da bodin ne tare. Tazarar tana nan yadda take.

Ba mu kaɗai ke fama ba. A Amurka akwai ɗakin kwana sukutum da ake ɗorawa a bayan irin wannan mota, gadonsa a saman kan direba, su don yawon buɗe ido, mu don neman abinci. Idan ɗakin ya matse rufi, katako suke shimfiɗawa a ƙasan bodi su ɗaga shi. Dabarar ke nan, ba wani sihiri.

Ni dai ba na yarda da ƙasa da yatsu huɗu, wato kamar inci 3, mutanen Nijar da Kamaru su ce santimita 7 zuwa 8. A auna daga wurin da ya fi tudu, ko eriya ce ko fitila. Idan bai kai ba, a sa kafinta ya jera busasshen katako mai ƙwari a ƙarƙashin duk inda rumfar ta zauna, ba guntaye a kusurwa huɗu ba, a sa shimfiɗar roba don kada ya zame. Ɗanyen katako yana ƙanƙancewa idan ya bushe, noti ya saki. Noti ɗin ma a sauya masu tsawo, su ratsa katakon su kama ƙarfe, a sake ɗaure su bayan tafiyar farko. Igiya ta kaya ce, ba ta rumfa ba.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A dunƙula yumɓu a ɗora a kan rufi, a yi lodi, a bi hanya marar kwalta a dawo. Yadda yumɓun ya baje, haka rumfar ke saukowa.

Sai dai kar a ce tunda ɗagawa magani ce bari a ƙara. Duk incin da ka ƙara, nauyi ka tura sama, mota mai nauyi a ka kuwa ita ke kifewa a kwana. Hilux kayanta bai wuce wajen tan 1 ba, har da nauyin rumfar da mutanen da ke ciki, ko da yake na san yadda muke yi da wannan lissafi ranar kasuwa. Dilar atamfa, buhun shinkafa da jarkokin manja su zauna ƙasa, a matso da su kusa da kai. Hancin rumfa na katifa ne da bokitin roba.

In an gama, a auna tsayin motar daga ƙasa zuwa ƙololuwa, a rubuta a manna gaban direba, saboda ƙofar kasuwa da wayoyin lantarki na cikin zango. Ƙofar gidanka ma ka auna ta kafin ka shigo da dare.