Dutse Ba Ya Zama Waliyyi

Wata sabuwar magana ta shigo bakin samari da 'yan matan ƙasar Kazaure, kuma wayar hannu ce ta kawo ta. Hotuna ne da gajerun bidiyo na Turawa: ango da amarya su biyu rak a ƙwanƙolin dutse, iska tana kaɗa farar riga, babu gwaggo, babu anko, babu maroƙi, sai mai ɗaukar hoto. Mun sha jin ƙannenmu suna cewa su ma haka za su yi, ai duwatsun can ba su fi na Kazaure da Roni kyau ba. Yawancinsu da wasa suke faɗa. Amma akwai waɗanda jira ya gajiyar har wasan ya fara zama shiri: a nemo malamin da zai ɗaura a ɓoye, a samo abokai biyu su yi shaida, in an dawo iyaye sa haƙura.

Mu da muka haura shekara talatin, muka ga sa'o'inmu da dama har yau suna gwauranci ba don sun so ba, ba za mu yi wa yaran nan dariya ba. Kukansu na gaskiya ne. Aure ya yi nauyin da ya fi ƙarfin mai albashi, balle mai kabu-kabu. Sai dai maganin da suke hange ya fi ciwon illa, kuma waɗanda suka cancanci faɗa mafi zafi su ne manyan da suka ɗora wa aure kayan da Allah bai ɗora masa ba.

Bari mu fara da asalin abin da ake sha'awa. A Ingila an yi wata doka a 1753 wadda ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure sai da yardar iyaye. Dokar ba ta shafi Sukotlan ba, don haka masoya suka riƙa tsallaka iyaka zuwa wani ƙauye mai suna Gretna Green, inda maƙeri kan haɗa su aure a maƙerarsa. Wannan gudu ne na gaske, da tsoro da ƙura. Na yau kuwa kasuwa ce. A jihar Kolorado ta Amurka doka ta yarda mutum biyu su ɗaura wa kansu aure ba limami, ba fasto, ba shaidu, shi ya sa duwatsun can suka zama dandalin wannan harka. Akwai masu hoto da sana'arsu ke nan, suna karɓar dubban daloli, su nemo takardar izinin shiga gandun daji, su zaɓi wuri da sa'ar da hasken rana zai fi kyau. Galibin ma'auratan nan iyayensu sun san da maganar, hayaniyar biki kawai suka gudar wa.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san dalilin da ya sa hoton nan yake ta dawowa kan fuskar wayarka. An gina Instagram da TikTok ne su auna abin da ya tsayar da yatsanka, su ƙaro maka irinsa. Ka tsaya kan hoto ɗaya na daƙiƙa goma, gobe ka ga ashirin, sai ka ɗauka duk duniya ta koma aure a kan dutse. Na'urar ba ta nuna maka dokar da ta halatta musu, ba ta nuna maka kuɗin da suka kashe, ba ta kuma san wace ce gwaggonka ba.

A wajenmu aure yana da ginshiƙai, kuma mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta yi sassauci a kansu ba: waliyyi, sadaki, shaidu biyu adilai, da sigar nema da bayarwa. Mace ba ta aurar da kanta. Auren da aka roƙi shaidu su ɓoye shi kuwa malamanmu suna kiransa auren sirri, hukuncinsa a raba. Wato saurayin da ya ɗauki 'yar mutane ya hau dutse da ita, ko ya nausa da ita ta Babura ya tsallaka Nijar, ya samu wani ya shafa fatiha ba da sanin mahaifinta ba, bai dawo da mata ba. Ya dawo da shari'a. In kuma yarinyar ƙarama ce, sunan abin da ya yi sata, ko da ita ce ta riƙe masa jaka.

Ko mun ajiye hukunci gefe, mu tambayi kanmu wa ke biyan bashin gudu. Namiji in ya yi wata uku ya dawo majalisarsa, a yi masa tsiya kwana biyu a manta. Mace fa? Duk kariyar da al'adarmu ta tanadar wa matar aure a gidan ubanta take. In miji ya ƙuntata mata, yaji take yi ta tafi gida, shi kuma ya zo biko, ya durƙusa gaban manya a yi masa faɗa kafin a ba shi ita. In ta yi haihuwar fari, gida take zuwa wankan jego, uwa ta dafa ruwa, ta dama kunun kanwa, ta koya mata riƙon jariri. In aure ya mutu, ɗakin uwarta take komawa. Yarinyar da ta fita ta katanga ta rufe wa kanta duk ƙofofin nan a dare ɗaya. Ranar da soyayya ta yi sanyi, wanda ya gudu da ita ya san ba ta da wurin zuwa, kuma mutum in ya san haka halinsa yakan sauya. Ɗan da za a haifa ma sai ya girma yana jin ana raɗa a bayansa.

Duwatsun namu sun taɓa ɓoye mai gudu, kuma tarihin yana da darasi. Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure a wajen 1819, ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a, aka yi shekaru ana ɗauki ba daɗi, duwatsun nan suka zame masa garkuwa. Amma abin da ya tabbatar da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta shi ne amincewar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello daga Sakkwato. Dutse yana iya ba ka mafaka. Matsayi kuwa sai mutane sun zauna sun yarda da kai.

Yanzu mu juyo ga manya, don a nan ne gizo yake saƙa. Kafin saurayi ya kai ga sadaki, wanda shi kaɗai ne wajibi kuma mafi ƙarancinsa rubu'in dinari, sai ya bi ta kuɗin na-gani-ina-so, da kuɗin gaisuwar uwa da uba, da kayan sa rana. Sai lefe: akwatuna jere, atamfa da leshi da shadda, takalma da jakunkuna, kuma mata su taru su ƙirga turmi ɗaya bayan ɗaya, a fita da labari unguwa. Uban yarinya shi ma bai tsira ba. Gado da katifa da kujeru da kayan kicin suna wuyansa, ga gara a bayan biki, buhunan shinkafa da jarkokin mai. A tsakani ga kamu, ga sa lalle, ga wuni, ga dina a ɗakin taro na haya, ga mai kwalliya, ga hoton kafin aure, ga anko kala biyu ko uku da ake tilasta wa ƙawaye da dangi. Mun san gidajen da aka sayar da gona saboda kayan ɗaki, aure kuma bai kai damina biyu ba.

A duba halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen shekarar. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Matashin da ya gama Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ya samu ƙaramin aiki, ko wanda ke noman rani a bakin dam, shekara nawa zai yi yana tari kafin ya cika akwatunan nan? Farashin komai ya ninka, amma gwaggo ba ta rage ko turmi ɗaya daga lissafinta ba. Sannan a dawo ana wa'azin lalacewar tarbiyya, ana mamakin yadda samari da 'yan mata suke shekara biyar suna zance ba aure.

A sana'armu akwai cutar da kowa ya sani. Manhaja takan fara da aiki ɗaya mai sauƙi, sai kowane mai faɗa a ji ya ce a ƙara masa abu kaza, har ta yi nauyin da ba ta buɗuwa a wayar talaka. Mai hankali ba ya jefar da ita. Zama yake yi ya ware abin da in babu shi aikin ba zai yiwu ba, ya cire sauran. Mai gudu ya cire waliyyi da sanarwa, wato ya cire injin. Gwaggo kuma ta rantse ba za a taɓa fentin ba.

Kada wani ya ce mana ba zai yiwu ba, domin mun gani da idonmu. A lokacin kullen korona a 2020, da aka hana taro, an ɗaura aure da yawa a ƙasar Hausa da mutum goma a zaure, aka raba goro da dabino, aka kai amarya a mota ɗaya. Babu wanda ya ce auren bai ɗauru ba, 'ya'yan da aka haifa ga su nan suna zuwa makaranta. A Kano kuma, tun 2012 hukumar Hisbah take shirya auren zawarawa, a Oktoban 2023 aka aurar da mata 1,800 a tashi ɗaya. Mun yaba, amma abin kunya ne a ce sai gwamnati ta sayi gado da katifa kafin Musulmi biyu su iya raya sunna. Annabi (SAW) da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi aure, walima ya umarce shi da ita ko da da akuya ɗaya ce, kuma Abdurrahman ɗan kasuwa ne da ya zama cikin attajiran sahabbai.

Za a ce lefe suturar yarinya ce, kayan ɗaki dukiyarta ce da za ta fita da ita in aure ya mutu, biki kuma zumunci ne, yau na kai miki gudummawa gobe ki kawo mini. Duk gaskiya ne, kuma ba mu ce a kai amarya ɗaki wayam ba. Amma sutura akwati ɗaya ta isa, sauran gasa ce. Dukiyar da aka ci bashi aka saya, kujerun da darajarsu take faɗuwa tun ranar da aka sauke su daga mota, ba su kai keken ɗinki ko tunkiya biyu ko kuɗin makaranta amfani gare ta ba. Zumuncin da ke sa bazawara mai marayu cin bashin anko don kada a ce ba ta zo ba kuwa, ya tashi daga zumunci ya koma haraji.

Akwai wani dalilin gudu da ba na kuɗi ba, wato auren dole da ƙin mutum don asalinsa ko sana'ar kakansa. Marubutanmu sun daɗe suna kuka da shi. Tun 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, kuma har gobe ana karanta shi saboda ciwon bai warke ba. Ga yarinyar da ke cikin wannan hali muna cewa: shari'a ta bar miki ƙofa. Khansa'u 'yar Khidam ta kai ƙarar mahaifinta da ya aurar da ita ba ta so, Annabi (SAW) ya warware auren. In ta tabbata waliyyi yana hana ki aure don cutarwa, alƙali yana da ikon umartarsa, in ya ƙi, ya ɗaura da kansa. Kafin a je nan ma akwai baffa, akwai kawu, akwai limamin unguwa, akwai mai unguwa da dagaci. Hanyar tana da tsawo da ɗaci, amma wadda ta bi ta tana shiga ɗakinta da rana tsaka, kanta a ɗage.

Abin da muke nema a fili yake. Masarautar Kazaure, wadda ta haɗa Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da masarautar Ringim da Babura take ƙarƙashinta, su zauna da hakimai da limamai da shugabannin mata a tsayar da iyaka: akwati ɗaya, taro ɗaya, babu anko na dole, babu baje lefe a gaban jama'a. Mata su kasance a sahun gaba wajen tsara wannan, don dokar biki da maza suka yi su kaɗai a fada ba ta wuce ƙofar zaure. Limamai su riƙa tambayar yardar yarinya kamar yadda suke tambayar sadaki. Kuma masu hali su fara, domin in talaka ya yi ƙaramin biki cewa ake yi babu ce ta sa shi, in ɗan sarki ko ɗan attajiri ya yi sai ya zama yayi.

Ku kuma ƙannenmu masu son dutse, ba mu hana ku ba. Ku tura manya, ku tsaya kai da fata a kan ƙaramin biki, a ɗaura a masallacin unguwa kowa ya ji, a ci shinkafar walima. In an kwana biyu, ku ɗauki ruwa da soyayyen nama ku hau duwatsun Roni ko na Kazaure, musamman a ƙarshen damina lokacin da ƙasa take kore shar. Ku ɗauki hoton da kuke so, ku tura wa iyayenku su sa albarka. Allah ya ba mu iyaye masu sauƙaƙawa da 'ya'ya masu haƙuri.