Dukanci a Gaban Direba: Lulluɓe Gidan Agogunan Mota da Fata

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga motocin haya tsakanin Kano da Katsina, ko tsakanin Sakkwato da Gusau, ya san kamannin gaban tsohuwar mota. Allon nan da ke gaban direba, wanda direbobi da makanikai suke kira dashbod, yakan tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, har soson cikinsa ya leƙo waje. Daga nan sai a yafa masa tawul ko guntun kafet don a rufa masa asiri. Daga cikin sassan da suka fi shan rana akwai 'yar rumfar nan da ke bayan sitiyari, wadda take ɗauke da maleji da agogon mai da na zafin inji. Ita ce ake nufi da gidan agogunan mota.

A ƙasashen Turai, sake lulluɓe wannan gida da fata sana'a ce mai daraja wadda ake biyan kuɗi masu kauri a kanta. A ƙasar Hausa kuwa, inda jima da dukanci suka yi ɗaruruwan shekaru, mafi yawan masu gyaran cikin mota da leda suke aikin. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, aikin na baduku ne, ya kamata ya karɓe shi, amma da sharaɗin ya ƙaro ilmi a kan wanda ya gada. Haka kuma malamin Hausa yana da rawar da zai taka wajen cusa wannan tunani a zukatan yara.

Abin da ke Lalata Gidan Agogunan

A yawancin motoci, dashbod hawa uku ne. Akwai ƙashi na roba mai tauri ko na ƙarfe, sai soso a kansa, sannan siririyar roba mai laushi a waje. Abin da ke sa wannan roba ta waje laushi wani sinadari ne da ake gauraya ta da shi a masana'anta. Idan mota ta daɗe tana shan rana, zafi yakan riƙa fitar da sinadarin a hankali, hasken rana kuma yana cin jikin robar, har ta bushe ta yi tauri, daga bisani ta dare. Gilashin gaba yana tara zafi ƙwarai, ta yadda saman dashbod na motar da aka ajiye a rana kan kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, ko ma ya wuce. Ke nan a ƙasar da watannin Maris da Afrilu suke da irin zafin da aka sani, tsagewar dashbod ba abin mamaki ba ce.

Lalacewar ta wuce maganar ado. An yi wa agogunan rumfa ne domin ta kare su daga hasken rana, direba ya iya karanta su da rana, da dare kuma kada haskensu ya faɗa kan gilashin gaba ya ɗauke masa ido. Idan rumfar ta karye ko ta lanƙwashe, wannan amfani ya ragu. Samun sabuwa kuwa yana da wuya ga tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504, wato Fijo, wadda aka yi ta harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a shekarar 1975. Saboda haka gyara shi ne mafita.

Yadda Ake Aikin

Mai aikin yakan fara da kwance gidan daga jikin mota, ya ɓare tsohuwar robar, ya kankare tsohon gam, ya cike tsagu, sannan ya goge da sanfefa har jikin ya yi sumul. Wannan mataki ba a yi masa gaggawa, domin fata ba ta ɓoye aibu. Duk wani tudu ko rami da aka bari, zai fito a samanta.

Daga nan sai ya fitar da zane. Yakan manna takarda ko salatif a jikin gidan, ya shata inda ɗinki zai bi, ya ɓare, ya shimfiɗa a kan fata ya yanka, tare da barin rara a gefe. Dalilin yanka fatar gida-gida shi ne, rumfar tana da lanƙwasa ta fuskoki biyu, kamar bayan ƙwarya, kuma fata ɗaya shimfiɗaɗɗiya ba za ta kwanta a irin wannan siffa ba sai ta yi tattara. Fatar da ta dace ba ta wuce kaurin kimanin milimita 1 ba. Gefunan da za a ɗinke ko a naɗe kuwa, sai an fere su da wuƙa mai kaifi sun ƙara sirancewa, don kada mahaɗar ta yi ƙullutu.

Bayan an ɗinke gutattsarin da zare mai jure rana, sai a shafa gam a jikin gidan da kuma cikin fatar, a dakata ya sha iska har ya fara danƙo. Ana fara mannawa daga layin ɗinki, a daidaita shi a kan gaɓar rumfar, sannan a riƙa lallaɓa fatar da tafin hannu zuwa gefe. A ƙarshe a naɗe rarar ta ciki, a matse, a bari ta kwana. Kurakurai biyu ne suka fi ɓata aikin. Na farko shi ne amfani da gam ɗin da ba ya jure zafi, wanda yakan saki da zarar bazara ta kama. Na biyu shi ne jan fata fiye da ƙima, domin fatar da aka ja da ƙarfi takan nemi komawa yadda take, ta ɗaye daga gefe.

Dangantakar Aikin da Dukanci

Mai karatun da ya taɓa zama a rumfar baduku zai ga cewa babu baƙon abu a cikin waɗannan matakai. Wanda ya iya suturta kube har fata ta kama shi kamar tare aka halicce su, ko ya lulluɓe ƙotar bulala, ko ya ɗinke laya da gafaka, ya riga ya san yadda ake fere fata da yadda ake sa ta bi lanƙwasa. Haka masu haɗa sirdi suka daɗe suna lulluɓe itace da fata. Abin da ya sauya kawai shi ne abin hawan. Jiya doki ne, yau kuwa mota.

Tarihi ma yana goyon bayan wannan magana. Baturen nan ɗan yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a shekarar 1851, ya ba da labarin takalma da jemammun fatu da ake fitarwa daga birnin zuwa Arewacin Afirka. Fatar jar akuyar Sakkwato, da 'yar'uwarta ta Maraɗi, tana cikin fatun da suka ratsa Sahara suka isa Turai, inda aka san su da sunan fatar Maroko, ana yi wa littattafai masu tsada bango da su. Har yau majema suna aiki a Ƙofar Wambai, ga kuma masana'antun jima na zamani a Challawa da Sharaɗa. Sai dai kaso mai yawa na fatun da waɗannan masana'antu suke sarrafawa waje ake kai su, a can ne ake mayar da su jaka da takalmi, ribar ƙarshe ta zauna a hannun wasu.

A Ingila, kamfanin Connolly, wanda aka kafa a shekarar 1878, ya yi suna ne da sayar wa masu ƙera Rolls-Royce da Jaguar fata, har zuwa lokacin da ya daina jima a shekarar 2002. Wannan ya nuna cewa cikin mota babbar kasuwa ce ga fata. Kujerun mota suna buƙatar faffaɗar fatar sa, wadda take ƙaranci a Nijeriya saboda cin ganda, kuma wadda ake samu sau da yawa lalas da kaska da mugunyar fiɗa sun ɓata ta. Gidan agogunan kuwa ƙarami ne, fatar akuya ɗaya mai kyau za ta iya wadatar da shi. Don haka nan ce ƙofar da ta fi sauƙin shiga ga baduku mai ƙaramin jari.

Hujjojin Masu Suka

Akwai masu ganin cewa wannan magana mafarki ce, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Hujja ta farko ita ce ta zafi. Fatar da aka jeme da bagaruwa ta hanyar gargajiya, aka rina da karan dafi, ba a shirya ta don zama ƙarƙashin gilashi a tsakar rana ba. Launinta zai koɗe, ta bushe, ta tsuke. Ko motocin alfarma na Turai an san fatar dashbod ɗinsu da tsukewa idan ta daɗe a rana. Wannan gaskiya ce. Amma abin da take nunawa shi ne buƙatar jima ta musamman. Kamfanonin mota suna gwada fata a zafi da haske kafin su karɓa, kuma da yawansu sun fi son wadda ba a jeme da sinadarin kurom ba a kan dashbod, domin ta fi jure sauyin zafi da laima. A Samarun Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta nazarin kimiyyar fata. Samar da fatar akuya mai jure rana aiki ne da ya dace da irin wannan cibiya, tare da haɗin gwiwar majema.

Hujja ta biyu ita ce ta tsada. Leda ta fi araha, kuma direban haya da ke fafutukar kuɗin mai ba zai nemi fata ba. Nan ma da gaskiyarsu. Sai dai ba kowane mai mota ne direban haya ba. Wanda zai sayi takalmin fata ya bar na roba, ko ya yi wa dokinsa kayan ado don hawan salla, zai iya biyan aikin da zai ƙara wa motarsa ƙima. Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne, ita kanta kalmar leda an aro ta ne daga kalmar Turanci mai ma'anar fata, amma a bakin Bahaushe ta koma sunan roba. Jabu ya ƙwace sunan na gaske, kuma ya ƙwace masa kasuwa.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, domin ta shafi rai. Motocin zamani suna da jakar iska a cikin dashbod, a gaban fasinja, wadda take fasa murfinta ta fito cikin ƙiftawar ido idan an yi karo. An raunana wurin da gangan don ya yage cikin sauƙi. Duk wanda ya manna fata mai ƙarfi a kansa, yana iya hana jakar fita yadda ya kamata. Bugu da ƙari, fata mai sheƙi ko mai haske takan yi inuwa a gilashin gaba ta hana direba ganin hanya, don haka baƙa ko mai duhu marar ƙyalli ce ta dace. Ba a kuma toshe kafofin iska ko fitilun gargaɗi. Wannan hujja ba ta rushe aikin ba, iyaka ta shata masa. Bai kamata baduku ya taɓa gaban mota ba sai ya san waɗannan abubuwa, kuma ya fi masa alheri ya tsaya a gidan agogunan, ya bar ɓangaren jakar iska yadda masana'anta ta yi shi.

Nauyin da ke Kan Malami

A darasin sana'o'in gargajiya, an saba a lissafa wa yara kayan aikin baduku da abubuwan da yake yi, su haddace, su rubuta a jarrabawa. Yaron da aka koyar ta haka yakan ɗauka dukanci abin da ya wuce ne, ko da kuwa mahaifinsa baduku ne. Malami zai iya sauya wannan fahimta da abu kaɗan. Alal misali, ya zo aji da tsohon gidan agoguna daga wurin masu sayar da kayan gyaran mota, da guntun fata da na leda, ya bar yara su taɓa su bambance. Ya kai su rumfar baduku da shagon mai ɗinkin kujerun mota, su kwatanta kayan aikin mutanen biyu. Ya sa su tattaro kalmomin da suka ji, su ware na asali irin su jima da ƙirgi, da na aro irin su sitiyari da maleji da gam. Ta haka darasi ɗaya ya haɗa al'ada da nazarin harshe, ya kuma nuna wa yaro hanyar neman abinci.

Kammalawa

Hausawa suna cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Dukanci ya bunƙasa a da ne saboda ya biya buƙatar mahaya da fatake da malamai na zamaninsa. Buƙatar yau tana gareji, inda ɗimbin motoci suke jiran gyara. Baduku yana da hannun aikin, majemi yana da fatar, masana kimiyya suna da hanyar inganta ta. Abin da ya rage shi ne a haɗa su wuri ɗaya, a kuma koya wa mai aikin iyakokin da tsaron rai ya gindaya. Malamin da ya fahimtar da ɗalibansa wannan, ya taimaka wajen ganin ɗan baduku bai guji rumfar mahaifinsa ba.